Takardar da Inno Ta Hana Wuta

Kura, 5 ga Maris, 2007

Zuwa ga uwargida Sa'adiya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, da mai jego Nafisat, da jaririnta da aka ce ya ɗebo hancina. Allah ya ba shi haƙuri.

Bayan haka, ina sanar da ke da duk wanda abin ya shafa cewa ranar Talata mijinki ya sayi ƙosan naira ashirin, kuma ya karance takardar ƙunshin kafin ya ci. Tsohon malamin makaranta ba ya barin hali. Yagen jarida ne, ɗauke da sunayen waɗanda ribar hannun jarinsu ta taru a wani kamfanin sabulu ba su karɓa ba. Tsakanin ɗigon mai biyu sai ga Muhammadu Sani Kura. Ashe jarin nan da na saya ina saurayi bai mutu ba, aike suke ta yi zuwa makarantar da na bari tun 1983.

Kin san tumatir bana ya kunyata mu, kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja. Autarmu Mubina kuma, in ba a biya kuɗin makarantar jinya kafin ƙarshen wata ba, gurbinta ya tafi. Har na fara yi wa injin ban-ruwa kallon bankwana.

Na garzaya ofishin kamfanin a Kano, suka ce sai takardar shaidar jarin ta asali. Ni kuwa da hannuna na tara tsofaffin takardu na cinna musu ashana ranar da muka tashi daga tsohon gida. Ki taya mu addu'a.

Naki,
Muhammadu Sani

Kura, 27 ga Maris, 2007

Zuwa ga uwargida Sa'adiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Zariya, yaya ruwan zafi? Inno na gaishe ki, kuma kwanan nan tafiyarta ma ta canza.

Kin san halin tsohuwata: ba ta karatun boko, amma ba ta tsallake takarda a ƙasa. Sai ta ɗauka ta kaɗe ta ajiye, wai ko da sunan Allah a ciki. Ina ba ta labarin asarata tana ɓare gyaɗa, ko jaje babu. Sai da na gama ta jawo tsohuwar kwallarta daga ƙarƙashin gado. Wai ranar ƙonar ta zaro wata takarda mai hatimi ta tambaye ni abin da ke ciki, na ce sunana ne kawai. Ita kuwa sunan Manzo ba ya shiga wuta tana kallo.

Awa biyu ina tono. Na wuce rasitin ruwan noman rani, da katin awon Nafisat, da takardar buhun taki, har da wasiƙar da na rubuta miki muna zance, wadda na so a ce ita wutar ta ci. Shaidar tana can ƙasa, gefe ɗaya ya sha hayaƙi.

Jiya kuɗin suka fito, naira dubu hamsin da huɗu. Mubina ta yi rajista, inji yana nan yana tarinsa a bakin kwatar ban-ruwa. Inno ta yanka ladanta: ƙwaryar goro, da sabuwar kwalla, domin tsohuwar ta cika.

Shekara ashirin ina ce mata tana tara shara. Ni ne na yi kuskure. Yau ma na tsinci wata takarda a hanyar gona, tana aljihuna.

Ki dawo da wuri, tuwon Mubina sai addu'a.

Naki har kullum,
Muhammadu Sani