Tayoyi Huɗun da Na Zaɓa Maka

Zuwa ga Mansur, jikana, maigidan da bai taɓa ba ni cefane ba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan Allah Ya yalwata maka inda kake kwance. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma, sai ka gama yi wa rubutuna na yaƙi da jahilci dariya, ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kai.

Ƙulunƙulufit. Takalmi huɗu, ba ƙafa ko ɗaya. Ba a tuɓe shi a ƙofar masallaci, ba a tuɓe shi in za a kwanta. Mene ne? Da kana nan sai ka sosa ƙeya ka ce ka ba ni gari, kuma don mugunta kullum garin da ba kasuwa kake ba ni. Yau ba mai ba ni gari, bari kawai in faɗa maka. Taya ce. A kanta akwai maganar da uwarka ba ta sani ba, kuma dole ta sani. Amma kunu mai zafi daga gefe ake shansa, bari in fara da labarin gida.

Yau kwananka ashirin da uku. Ran Juma'a na buga waya Kano da katin nan da ka koya mini kankarewa. Uwarka ta fara cin abinci, sai dai muryarta kamar daga cikin randa take fitowa. Ƙanwarka Bilki ta sauka, namiji. Sunanka aka sa masa, amma ba bakin da ke iya kira, sai suka koma ce masa Magaji. Ka ga na yi sabon miji tun ban gama takabarka ba. Kada ka yi kishi.

Ni ina nan Guangzhou, a ɗakinka na unguwar Liwan. Bango sai gumi yake yi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Rigarka tana rataye inda ka bar ta, har ta fara fumfuna, na kasa saukewa. Abokinka Isuhu ɗan Maraɗi shi yake kai ni wajenka. Kana gefen tudu a tsakiyar Musulmin Caina, maƙwabtan da ban iya karanta sunayensu ba. Ina yi musu sallama duk da haka, na ce su riƙe mini kai amana.

To, ga maganar.

Ka tuna saukata cikin azumi? Shekaru ina sarin takalma daga Jidda da Bankok, kai ka ce Bankok ta kwanta, kasuwa ta dawo Caina, in zo in gani da idona. Na zo na tarar da sanyi. Zani uku nake ɗaurawa, safa biyu. Kana dariya kana cewa wannan ba sanyi ba ne, sanyi yana can arewacin ƙasar inda ruwa ke zama dutse. Ban yarda ba. A wurina, duk abin da ya hana ni alwala da ruwan famfo sunansa sanyi.

Ka kuma san yatsana. Shekara talatin ina danna babban yatsa a tafin takalmi, in lanƙwasa, in shinshina, in faɗi ko zai ga damina biyu. A kasuwar Zhanxi har 'yan Gana suka riƙa kawo mini samfur in danna musu. Kai ne ma mai tallata ni, kana cewa yatsan Hajiya ba ya ƙarya. Da ka san abin da kake kiwo, da ba ka ba shi dusa ba.

Ranar nan tayoyin motar kayanka, wadda kake zuwa Shiling ɗauko jakunkuna da ita, sun siɗe kamar kan mai sanƙo. Ka tafi da ni wajen mai taya don kawai in sha iska. Lawban, yadda kuke ce wa mai kanti, ya mirgino iri biyu. Ɗaya sabuwa, ta kowane lokaci, rani da damina da ɗan sanyin nan, robarta da tauri, zanenta ba wani zurfi. Ɗayar ta hannu ce, guda takwas, an kwanto su daga motocin da suka gangaro daga arewa. Haƙoranta zurfi har yatsana ya shige, ga laushi kamar tafin takalmin Italiya. A gefenta akwai ɗan hoto mai ƙafa shida, ka ce mini alamar dusar ƙanƙara ce.

Da lawban ya ga na rungumi mai laushin, sai ya hau kaɗa hannu, yana nuna sama yana ta meyo, meyo, wato babu. Ka fassara mini. Ya ce garin nan ba a ƙanƙara. Ya ce wannan taya don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, sanyin nan bai kai nata ba, in ɗumi ya dawo za ta saki jiki, sai ta ja ƙafa kafin ta tsaya, ga shi kuma ta kwana biyu. Ka faɗa mini duka, Mansur. Ba ka ci kalma ɗaya ba. 

Ni kuwa na ce ɗan kasuwa ne, sabuwar yake so ya tura mana, duk kasuwar duniya uwarsu ɗaya. Na ce in ana sanyi tayar sanyi ake sawa, kamar yadda na sa safa. Da na ga har yanzu kana shafa ta kowane lokacin, sai na zaro makamin da na san ba ka iya karewa. Daidai nan Isuhu ya shigo daga ajiye motarsa. Na ce wane irin miji ne zai bar maganar matarsa ya bi ta baƙo a bainar jama'a? Na ce in ka ƙi, ka ba ni takardata nan take in auri Isuhu. Kuka fashe da dariya. Ka ce ba ka shirya gwauranci a ƙasar mutane ba. Aka ɗaura maka huɗu. Isuhu bai ji gargaɗin ba, shi dai ya ga yatsan Hajiya ya yi magana, ya kwashi sauran huɗun ya sa wa tasa motar. Lawban ya gaji da kaɗa hannu, kai kuma ba za ka ƙaryata ni a gaban abokinka ba.

Me ya sa ba ka yi mini musu ba? Kai da kake musu da ni a kan gishirin miya?

Bayan sallah da 'yan kwanaki sanyin ya tafi ba sallama. Gari ya yi ɗumi, aka shiga yayyafi. Ka fita da hantsi zuwa Shiling, kana sauri don masu ɗinkin jaka za su rufe su tafi tasu sallar ta sabuwar shekara. A hanyar dawowa tirela ta tsaya a gabanka. Waɗanda suka gani sun ce ka taka birki tun da nisa, motar ta yi ta tafiya kamar ana jan ta da igiya. Ban ga motar ba. Ba na son in gan ta.

'Yan sanda sun ce ruwa ne da nauyin kaya. Ba wanda ya ambaci taya. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ba yau za a fara koya mini tauhidi ba, ba mai wuce ranarsa. Wataƙila ko da ɗayar tayar ce haka za ta faru. Wataƙila. Amma taku nawa ne tsakanin motar da ta tsaya da wadda ba ta tsaya ba? Wa zai auna mini?

Ga abin da ya fi wancan muni. Tun rasuwarka, kwana ashirin da biyu Isuhu yana yawo a kan 'yan'uwan tayoyin nan. A cikin motar ya ɗauko likkafaninka. A cikinta yake kai ni kabarinka, ina zaune a gaba, ruwa na zuba, ina jin gurnaninsu a ƙarƙashina, bakina a ɗinke. Mutum mai mata da 'ya'ya uku a Maraɗi. Na san in na ce ya cire zai tambayi dalili, kuma abin da ɗan kasuwa ɗaya ya sani a garin nan zai riga ni isa Kano. Na gwammace in bar ran ɗan mutane a kan roba da in ji an ce Hajiya Yalwa ta kashe jikanta da wasa. Ka ga irin matar da ka aura?

Jiya muna dawowa daga wajenka wani mai keke ya gifta. Isuhu ya taka birki, motar ta ɗan ja, ta tsaya, saura ƙiris. Ya yi dariya ya ce Allah Ya tsare. Ni kuwa na ce ya juya ya kai ni wajen mai taya. A can, a tsaye, na faɗa masa komai. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallon ƙasa. Lawban ya gane ni, ya leƙa bayana yana neman ka. Isuhu ya yi masa nuni da hannu cewa ka rasu. Mutumin ya shiga ciki ya kawo mini shayi, sannan da kansa ya durƙusa ya kwance tayoyin motar Isuhu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura na kowane lokaci. Da ya zage ni ya fi mini shayin nan sauƙi.

A hanya Isuhu ya ce Allah ne mai rayawa da kashewa. Sau ɗaya ya faɗa, bai kalle ni ba. Shi da tun zuwana Kaka yake ce mini, da zai sauke ni sai ya ce Hajiya. Na roƙe shi alfarma ɗaya, ya riƙe bakinsa sati guda.

Jirgina ran Alhamis ne. Zan faɗa wa uwarka da bakina tun ban kwance kaya ba. 'Yar farina ce, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tsayar da idona a cikin nata ba saboda kunya. Yanzu zan zauna a gabanta in dube ta in ce an gargaɗe mu, ni na ƙi ji. In ta yafe, to. In ta tashi ta bar mini tabarmar, ba zan kira ta ba.

Kai kam ba zan ce ka yafe mini ba. Na san ka, dariya za ka yi ka ce ya wuce, ni kuwa ba sauƙi nake nema ba.

Allah Ya kai haske kabarinka. Na bar ka a ƙasar mutane. Sai na zo.

Kakarka,
Yalwa