A Ɗaga Ni Kamar Saniyar Buba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Nomau na Fakku, ƙasar Kebbe, zuwa ga aminina Buba ɗan Arɗo, duk inda yake bisa hanyar Gabas. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci. Bayan haka:

Tun shekarar da fari sunka sauka bisa gero yana fidda kai, har reshen tsamiyar kasuwa ya karye don nauyinsu, rabona da kai. A kakarta ka saida rabin garkenka ka bi ayarin Makka da ƙafa. Wasu sun ce an gan ka wajen Cadi kana kiwon shanun wani. Wasu sun ce ka rasu. Ni ban karɓi gaisuwar mutuwarka ba, kuma ba ni karɓa sai wanda ya ga kushewa da idonsa ya zo. Ka san ban san baƙi ba. Malam Isa liman ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini magana. Masu tafiya Gabas za a ba takardar. Wanda ya buɗe ta a zango ya karanta, ba laifi, abin da ke cikinta na gaji da ɓoyonsa.

Ba ni da lafiya, Buba, kuma an rasa sunan abin da ke damuna.

Kakar bara ya fara. Ina ɗaurin dami, rana tsaka, ba wanda ya gaya mini baƙar magana, sai gabana ya yanke ya faɗi. Zuciya ta kama bugu kamar ana sussuka cikin ƙirjina. Gumi ya karyo. Na zauna bisa kunya ina kalmar shahada, ina jiran Mala'ika. Bai zo ba. Na tashi na koma gida ban gaya wa kowa ba.

Daga nan abin ya mai da ni gidansa. Wata rana cinnaku ke yawo cikin ƙafafuna, in duba ba komai. Wata rana tsakar kaina ta ɗau zafi kamar an aza garwashi. Amma ba waɗannan sunka kayar da ni ba. Abin da ya kayar da ni wani nauyi ne da ba shi da wurin da za ka nuna. Tuwon matata Hajo da ka sha wawushe mini, ya koma kamar ƙasa a bakina. In na ji sallama a zaure sai in juya fuska ga bango. Jikata ta kawo mini ruwa, hawaye ya zubo mini, ni Nomau, da na binne 'ya'ya da hannuna ido a bushe.

Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma rariya. Na sha rubutu, na sha saiwa, na shaƙi hayaƙi har Hajo ta ce ɗakin ya zama na ƙyafe kifi. Ɗana Garba, wanda ke ɗinki a Tambuwal, ya zo da jaki ya kai ni ɗakin magani na hukumar En'e a can. Malamin asibitin mutumin kirki ne. Ya sa roba a kunne ya saurari ƙirjina, ya ja fatar idona, ya danna cikina ko'ina. Sai ya yi murmushi ya ce, “Baba, lafiyarka lau, zuciyarka ta fi tawa ƙarfi.” Garba ya yi hamdala. Ni kuwa ban yi murna ba. Na so a ce ga cutar, ko da mai kisa ce, in san da wa nika faɗa. Yanzu kowa ya ji an ce lafiyata lau, to mai lafiyan da ya ƙi fita daga ɗaki mi za a kira shi?

Ga abin da ya sa na tashi Malam Isa daga cikin littattafansa.

Ka tuna aikinmu na kowace bazara. Kafin ruwan fari mu bi burtali tun daga bakin gari har mashaya, ni ta gefen gonaki, kai ta gefen shanu, jama'a na biye da dammunan aguwa ta shinge. Inda shinge ya mutu in tsaya in ce nan gonar wane ta tsaya, kakansa ya bar wa shanu daga wagga aduwa zuwa wancan suri, kai kuma ka ce haka ne, a dasa. Kana tsokanata kana cewa, “Kaɗo, kai ba ka san hanyar ɗakinka ba in an yi duhu, amma ka san inda kakan kowa ya yi fitsari.” Da ka tafi ƙanenka Sanda ya tsaya a wurinka.

Bana gobarar daji ta cinye shingen wajen fadama. Manoma sun fara turo sassabe cikin hanya, samarin ruga kuma sun ce shanunsu ba su da fiffike. Hadari ya fara leƙowa, ka kuwa san aguwa in ba a dasa ta cikin busasshiyar ƙasa ba ruɓewa takan yi. Mai gari ya aiko har sau nawa. Na ƙarshe ya ce in ban fito ba zai kai magana gaban hakimi, a turo masu awo da igiya. Igiya ba ta san kakan kowa ba, ba kuma wanda zai yarda da ita. Garba shi ma ya ce in dai kwanciya ce, in zo in yi ta a gidansa. In na hau jakin nan, Buba, na san ba ni sake ganin Fakku da ƙafata.

Shekaranjiya Sanda ya shigo har ɗaki, bai jira izini ba, halin gidanku. Ya zauna kusa da ni. Warin shanun da ke jikin rigarsa ya tuna mini da farar saniyarka, wadda ta kwanta a ƙarshen wani rani ta ƙi tashi. Mun duba ta, ba karaya, ba ciwo, tana ma tuƙa. Na ce a kawo wuƙa kafin ta yi mushe. Ka harare ni ka ce, “Ba ta mutu ba, ta manta da ƙafafunta ne.” Kowace safiya kukan sa sanduna ƙarƙashin cikinta, maza su kama su ɗaga, ta tsaya tana karkarwa, ta koma ta zube. Gobe ku sake. Ba ka taɓa tambayarta ina ke ciwo ba, ba ka kuma taɓa ce mata lafiyarta lau ba. Da ciyawa ta fito, ita ke gaban garke.

Sai na buɗe baki na gaya wa Sanda komai, har hawayen. Na zaci zai kau da kai don kunya. Ya ce, “To, Baffa, sanduna nawa za mu kawo?” Na yi dariyar da rabona da ita tun kaka.

Ban warke ba, kada wani ya gaya maka na warke. Amma na lura abin nan ko ina kwance yana zuwa, ko ina tsaye yana zuwa, kuma duk zuwan da ya yi sai ya tafi. To gara ya iske ni bisa burtali.

Allah Ya sa kana raye, ɗan'uwana. In kana raye Ya kai ka Ɗakinsa, ka tuna da ni a can da sunana. In kuma ka riga mu, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa. Ya ba masu irin ciwona mutanen da za su kama su.

Gobe da an sallame asuba Sanda da maƙwabcina za su shigo. Na ce da su ko na zage su, ko na rantse mutuwa nika yi, kada su saurare ni, su kama hammatata su tsai da ni. Hajo ta jingina sandata bakin ƙofa. In gabana ya faɗi a hanya zan zauna gindin itace har ya wuce, in tashi in nuna inda za a dasa ta gaba. Daga aduwar bakin gari za mu fara.

Wasalam. Ni ne Kaɗonka mai taurin kai,
Nomau.