Jar Alamar da Ke Kan Gaisuwar Inna

Gumel, ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Ina zaune a ɗakinka, kwamfutarka tana kunne, batirin sola bai kai rabi ba, don haka zan yi sauri.

Zuwa ga Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na haƙar burtsatse a can dajin Chadi. Na rubuto a wannan shafin ne domin na san idan kun shigo gari kun sami sabis, nan kake fara leƙawa. Duk wanda ya karanta tare da kai ya yi haƙuri, maganar gida ce.

Maganar ita ce, Inna tana zaton ka dawo mata da gaisuwarta. Na san ba ka yi ba. Ga yadda aka yi.

Ranar da za ka tafi ka nuna mini tsohuwar kwamfutar da ka mayar ma'ajiyar gida. Ka ce duk bidiyon da aka ɗauka da wayar Inna zai hau kanta da kansa, kai kuma ka sauke idan ka sami hali. Ka ce kowace manhaja tana zaune a cikin kwantenarta, wato ɗan keɓaɓɓen ɗakinta, ba ruwanta da ta kusa. Ka ce, “Ai ke yanzu mai digiri ce.” Na ce to. A makaranta dai a jikin allo muka ga kwantena, malam ya zana ta da alli.

Abin da ba ka sa a lissafi ba shi ne kai ɗan fari ne. Inna ba za ta kalli waya ta ce tana gaishe ka ba, balle ta kama sunanka. Da maigidanku take farawa. Ta gaida direba, ta gaida mai dafa muku abinci da iyayensa, ta tambaya ko an yi ruwa a garinsu. Ta ba da labarin gero, da akuyar da ta haifi tagwaye. Sai can ƙarshe, tana gyara mayafi kamar za ta tashi, ta ce, “A ce wa wancan ya riƙa cin abinci.” Bidiyon farko ya kusa awa guda. Manhajar ta ce ya yi girma, ta manna masa jar alama.

Na ce ko za a rage. Inna ta dube ni ta ce wa za a cire, direban ko mai abincin?

Sai na shiga cikin kwantenar, na nemo fayil ɗin saiti, na ga layin da ya ƙayyade girman abin da za a karɓa. Kafin in taɓa komai na ajiye kwafi, na ajiye kwafin kwafin, na kuma ɗauki hotonsa da wayata. Manhajar rubutun da ke ciki kuwa, shigarta ba wuya, fita ce sai wanda Allah ya nufa. Duk abin da na danna sai ya zama harafi a cikin fayil. Har aka kira la'asar ina ciki. Daga ƙarshe dai na ƙara lambar, na fito, na sake tayar da manhajar, alama ta koma kore.

Washegari na tafi Gagarawa jinyar Gwaggo, hankalina kwance, na daɗe a can.

Da na dawo na tarar wayar Inna tana ƙasan akwati, naɗe cikin zani. Bidiyoyi a jere, kowanne da jar alama. Ba ta tambayi kowa ba, domin tambayar ma nuna damuwa ce a kan ɗan fari. Ita kaɗai ta yanke cewa ja na nufin an gani an dawo da shi. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce mini, “Mutum ya girma, yana da abin yi.”

Yaya, nan take na duba fayil, lamba ta koma yadda take, kamar ban taɓa zuwa ba. Na sake gyarawa, duk suka hau. Da ƙyar na lallashe ta ta yi sabo ranar Alhamis. Ja. Ta miƙo mini wayar, ta juya ta koma aikinta. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya ce shi ya gano. Alhamis kasuwar Maigatari ce, fataken Nijar sun shigo da wayoyinsu sun shanye sabis. Na yi masa bayani cewa bidiyon daga ɗakin Inna zuwa ɗakinka kawai yake tafiya, ko zaure ba ya leƙawa. Ya ce duk da haka.

Sai na duba lokacin da aka ƙirƙiri kwantenar. Ni ina zaton tun tafiyarka take nan, ashe ranar Alhamis ɗin aka haife ta da safe. Ka saita cewa duk Alhamis a jefar da tsohuwar a kafa sabuwa fil daga asali. Duk abin da na rubuta a ciki, wanke shi ake yi kamar allo. Ba ka gaya mini ba. Ba ƙorafi nake yi ba, ina dai faɗa ne a gaban shaidu.

Yanzu na fito da fayil ɗin waje, na ajiye shi a kan kwamfutar kanta, na ƙara layi ɗaya a inda ake tsara kwantenonin, cewa duk sabuwar da aka kafa daga nan za ta karanta saitinta. Kafin in danna sai da na tabbatar bidiyoyin ma a waje suke. A waje suke, nan kam ka yi daidai. Jiya Alhamis ta wuce, lamba ba ta motsa ba. Alhamis ɗaya ba hujja ba ce, amma na iya cin abinci.

Na gaya wa Inna ba laifinka ba ne, na na'ura ne. Ta ce ita ina ruwanta. Amma wayar ba ta koma akwati ba, tana gefen tabarmarta.

Roƙona, kada ka jira sai ka gama kallo, domin kafin ka iso wajen da aka ambace ka sabis zai ɗauke. Ka aiko da muryarka, ko da “Inna ina wuni” ce kawai.

Abubuwan da har yanzu ban sani ba, ga su. Ban san ko ka ga ko ɗaya ba, har da na farkon. Ban san ko sabis ɗinku zai iya janyo awa guda ta gaisuwa ba. Ban san ko akwai wani abin da ka saita da ke jiran ƙarshen wata ko na shekara ba. Idan akwai, don Allah ka faɗa tun yanzu. Ban kuma san me zan ce mata ba idan wata Alhamis ta zo, alama kore, kai kuma shiru. Wannan ba shi da fayil ɗin da zan buɗe.

Allah ya tsare ka, ya sa ku cim ma ruwa a kusa, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ƙanwarka,
Zulai