Jan Fenti a Bangonmu

Maigidana Sani,

Kakarka Tabawa ce daga Makka. Ya jikin babanka, ya yaran? Kai mai boko, canka: wane tsoho ne ya goyi tsofaffi shekara ɗari, jan fenti ya kashe shi?

Ka tuna zauren dutsenmu na unguwar Hindawiyya, masaukin tsofaffi mai tagogin katako, wakafin wani alhajin da? Kowace tsohuwa da alkukinta a bango, inda take ajiye likkafaninta wankakke da Zamzam. Ranar Talata ma'aikata suka shafa wa bangon jan fenti, alamar rusau, wai mu fita. Aminiyata Ladi ta ce, "Ni sai a makara." Ranar Juma'a kuwa aka sallace ta.

Ina raɓe a unguwar Utaibiyya, likkafanina a leda. Ku sa mu a addu'a, ka gai da Inna.

Tsohon nan zaurenmu ne. Jiya aka rushe shi.