Rubutun 'Yar Mai Gyaran Agogo

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya ke da iyali.

Ni ce editar mujallar unguwa. Kwamiti ya ce tunda kin yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya kina koyar da ajin masu hazaƙa, a ba ki shafi biyu a fitowar wata mai zuwa. Na nemi a ba wani aikin, aka ce ba kowa. Ga tambayoyin da muke yi wa kowa: ina aka haife ki, yaya kika fara koyarwa, wane wuri kika fi so a unguwar nan, wane shago, wace hanya kike bi in za ki sha iska.

Ta shida tawa ce. Ba kya kiran ɗalibi da sunansa sai da wurin zamansa, to ni ce Ta Bakin Taga. Zango ɗaya na yi a ajinki kika kore ni. Kina tuna dalili?

Ki huta lafiya.
Edita

Zuwa ga Ta Bakin Taga,

Na amsa gaisuwarki, duk da an yi ta da cije baki.

Tambayoyinku biyar shirme ne. Wa ya damu da hanyar da tsohuwa ke bi? Ta shida kuwa ina tunawa sarai. Na ce kowa ya rubuta abin da ke cikin wani abu da yake gani kullum. Kika kawo shafi huɗu kan cikin agogo, rubutun da 'yar shekara goma sha ɗaya ba ta iyawa. Na kira mahaifinki mai gyaran agogo, na miƙa masa takardar a gaban aji, na ce, "Kai ka rubuta wannan?" Ya fara dubawa daga shafin ƙarshe, irin na mai raina mutane, sannan ya ce, "Ni ne, Malama, laifina ne."

Kujera goma sha biyu ce a ajina, babu ta wadda ake yi wa aiki a gida. Takardar tana akwatina, ba na zubar da aikin ɗalibi, ko da na ƙarya ne. Ashe kin girma da ƙullin nan har kin samu mujallar da za ki kwance shi a ciki.

Allah ya shirye ki.
Malamarki ta dā

Malama,

Bayan gaisuwa, don an koya min gaida manya.

Baba bai iya karatu ba. A lokacin bai iya ba, yau ma bai iya ba. Daga shafin ƙarshe ya fara saboda bai san inda ake farawa ba, ya dai ga masu karatu suna juya takarda shi ma ya juya. Ya shigo da man gyaran agogo a hannunsa, ya ga fuskarki a murtuke, ya gan ni ina kuka, sai ya ɗauka wani mugun abu na rubuta, duka za a yi min. Shi ya sa ya ɗauki laifin.

Za ki ce me ya hana ni magana. In tona wa ubana asiri a gaban 'ya'yan likitoci da lauyoyi? Ke da kike gane hazaƙa daga yadda yaro ke riƙe fensir, kika kasa gane mutumin da ya riƙe takarda kamar faranti mai zafi.

Yanzu ya haura tamanin, idonsa ya tafi, kunne ɗaya ya toshe, ya rufe rumfa. Duk ranar da aka ambaci makaranta sai ya ce, "Ni na fitar da ke daga ajin nan." Har yau bai san abin da ke cikin takardar ba. Ki aiko min da ita, da layi ɗaya na cewa kuskuren naki ne ba nasa ba, in karanta masa tun yana ji. In ba haka ba, shafi biyun nan ni zan cika su, kuma kin san na iya rubutu.

Ki huta lafiya.
Edita

Ke 'yar nan,

Lafiya lau nake, ko da yake ba ki tambaya ba.

Shugabannin makaranta huɗu sun yi min barazana, duk na ga tafiyarsu. Buga abin da kika ga dama. Mutum ya amsa da bakinsa, me kike so in yi, in ce masa ƙarya yake? Takarda kuma ba za ta fita daga hannuna ta hannun ɗan aike ba.

Na dai ciro ta jiya na sake karantawa. A shafi na uku kin rubuta cewa ƙaramar ƙafar da ke juyawa a cikin agogo "tana yin fushi idan an taɓa ta". Babban mutum ba ya rubuta haka. Ban san yadda layin nan ya wuce ni ba.

Sai an jima.
Malama

Malama,

Gaisuwa.

Bai wuce ki ba, kin ja masa layi da jan biro kin rubuta "wayo" a gefe. Ranar Litinin mujalla za ta tafi wurin bugu. Baba yana kwance tun shekaranjiya.

Edita

Ta Bakin Taga,

Ina gaishe ki, ki gaida mahaifinki da jiki.

Layi ɗaya da kike nema ba zan rubuta miki ba. Ba a takarda na yi masa ba, a tsaye na yi masa a gaban mutane. Gobe da hantsi zan zo da shafi huɗun, ni zan karanta masa da bakina, daga shafin farko. Ki tara duk wanda ke gidan, har maƙwabta in sun samu dama.

Tambaya ta uku, ta wurin da na fi so: ki rubuta rumfar mai gyaran agogo da ke bayan tasha. Shekara ashirin da biyu ina zagaye ta ta wata hanya, ina ce wa kaina rana ce ta yi yawa a nan.

Ki ajiye min kujera kusa da kunnensa mai ji.

Malama