Marubucin da Ke Zaune Shi Kaɗai da Kyanwarsa

Ya hasken idona, ruwan sanyin ranar ƙishina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, maigidana kuma gwarzon alƙalami,

Ina gaishe ka gaisuwa mai ɗumi, irin ɗumin shayin da nake ajiye maka a bakin ƙofa kafin ya huce. Na turo wannan wasiƙa ta adireshin da editoci ke turo maka saƙo, don na lura shi kaɗai kake buɗewa da gaggawa. Ka yi haƙuri, ba wani labarinka aka karɓa ba. Matarka ce, ta ɗakin da ke kallon naka.

Barka da arziki, farin watana! Na ga sanarwarka a shafinka, yadda kowa ya gani. Waƙarka ta fito a mujalla, gajeren labarinka ya samu shiga wani kundi, ga kuma sharhin da ka yi wa littafin wani bawan Allah. Sharhin nan ya taɓa ni ƙwarai. Ka ce marubucin ya mayar da matan littafinsa inuwa, suna shiga suna fita ba a ba su baki ba. Wayyo tausayi! Wa ya kai ka sanin darajar mace? Ka tuna ranar da ka rubuta shi? Ni ce nake goge ƙarƙashin teburinka, ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka ɗaga ɗayar, ba ka ko duba mai tsumman ba.

Ko ka tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a tashar mota, muna sabon sani? Ka matso kusa da ni har ina jin numfashinka, na ce yau dai mutumin nan zai furta. Ashe takardun labarinka kake cusawa ƙarƙashin mayafina don kada su jiƙe. Na isa gida sharkaf, na yi mako ina tari, labarin kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Daga baya na karanta wannan ruwan a cikin wani labarinka, inda saurayin ya cire rigarsa ya lulluɓe budurwar. Na yi masa kuka, wallahi. Mutumin kirki ne, da ma na haɗu da shi.

Duk wannan ban taɓa ƙorafi ba, zumar rayuwata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami layi ɗaya ne, wanda ake bugawa a ƙasan kowane rubutunka, kusa da hotonka mai tagumi: "Marubucin yana zaune shi kaɗai da littattafansa da kyanwarsa." Shi kaɗai! To rigar da ke jikinka a hoton, kyanwar ce ta goge ta? Ita ce ke hana yaran maƙwabta buga ƙwallo a gindin tagarka idan ilhami ya sauko? Kyanwar ma ni na tsinto ta a bayan gida, kai kuwa har yau atishawa take sa ka.

Da na yi maka magana a bara, ka ce ban san harkar ba, masu karatu sun fi son marubuci mai kaɗaici, ya fi armashi. Gaskiyarka. Ina ganin yadda suke tururuwa a ƙasan sanarwarka suna ta Allah sarki. Wata har tambaya ta yi wa ke dafa maka abinci. Na so in ba ta amsa, sai dai hannuna duk albasa ne.

Da ni kaɗai ce, da na ci gaba da dariyata. Amma 'yarmu, 'Yar Baba, ta fara haɗa baƙi. Malamarsu ta ce kowa ya karanta wani abu a gida ya zo ya ba 'yan aji labari. Ba ta ɗauki littafin makaranta ba, sai ta ɗauko mujallar da ke da hoton ubanta, tana ta fankama. Labarin ya fi ƙarfinta, sai ta sauka kan ɗan layin nan na ƙasa, yatsa a kan kowace kalma, har ta kai ƙarshe ba kuskure. Ta sake karantawa. Sannan ta ɗago ta tambaye ni, mu kuma a ina muke zaune?

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Washegari ta ce wa malamar ba ta samu abin karantawa a gidansu ba. Tun daga ranar ta daina faɗo maka ɗaki da gudu, sai ta tsaya a ƙofa kamar baƙuwa. Ka lura? Na san ka lura da shirun, don na ji kana cewa kwanan nan aiki na tafiya.

Ina roƙonka, tauraron asubata, kai da ke iya cika shafi uku a kan faɗuwar ganye ɗaya, ka nemo rabin layi. Ban ce ka sa sunana ba, ban ce ka yabi idona ba. Ni na iya zama a bayan shafi, na daɗe da ƙwarewa. Ita ba ta iya ba, kuma ba zan koya mata ba.

Tambayarta tana nan, ban amsa ba. Na gaya mata babanta ne mai kalmomi a gidan nan, shi zai amsa. Idan ka gama karanta wannan, ka juya kujerarka. Tana bakin ƙofa.

Taka har ƙarshen numfashi, ko an buga ko ba a buga ba,
Matarka