Na Ɓoye wa Kakana Ƙarar Kofaton Goɗiyarsa

Anti, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagewa, don kada a yi mini dariya. Shekarata goma sha shida, ina aji biyar a sakandare, kuma ba a jin muryata a aji sai malami ya kira sunana.

Kakana yana da wata goɗiya ja mai farin goshi, muna ce mata 'Yar Gata. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya daina hawa. Yayyena kuwa babur kawai suka sani. Ni nake share barga, ni nake taje mata geza, ni nake hawanta da yamma.

Idan muna tafiya a hankali, Anti, ji nake kamar ina cikin kwale-kwale a ruwan da ya kwanta. Inuwarmu ta miƙe a kan ciyawa, kunnuwanta suna juyowa wajena kamar tana jiran labari. Wani lokaci a ajin kimiyya sai in ga allo ya zama fili, muna sukuwa babu ko ƙara, mayafina yana binmu a iska, har sai ƙawata ta zungure ni da biro.

A zahiri ba haka ba ne. Da na so mu tashi daga sassarfa zuwa sukuwa, sai komai ya watse. Ta ɗaga kai, ta ƙara sauri kamar wadda ta makara, ni kuma ina ta dukan sirdi kamar buhu. In na so mu rage, sai ta tsaya cak, in kife a wuyanta. Gaskiya nauyinta nake ji. Ina taɓa ta da dunduniya sai tausayi ya kama ni, in ja linzami kamar ina ba ta haƙuri. Har numfashi nake riƙewa.

Kaka yana zama a bakin barga, kuma da kunne yake gane hawa. Ranar da ya fara ji na, ya tsokane ni cewa ya zaci kwanuka ne suka zubo daga kanta. Na san wasan kaka da jika ne, amma kunya ta rufe ni. Tun daga ranar nake kai ta can bayan gona, inda yashi yake cinye ƙarar kofato. Wata biyu ke nan, shi kuma yana zaton kiwo kawai nake kai ta.

Yanzu kawuna ya ce tunda babu mai hawanta, zai tafi da ita gonarsa mai nisa nan da mako uku. Kaka bai hana ba. Ni kuma na kasa buɗe baki. Yaya zan yi in iya kafin lokacin?

Jikar mai goɗiya

*

'Yata, ban yi dariya ba, kuma matsalarki biyu ce, ba ɗaya ba.

Ta farko mai sauƙi ce. Ƙafarki tana cewa tafi, hannunki yana cewa tsaya, to wanne za ta bi? Tausayin da kike ji shi yake sa ki fizgar bakinta. Kafin ki nemi sukuwa, ki bari sassarfar ta daidaita, ki ƙirga takun a fili don kada ki riƙe numfashi. Ki zauna sosai a sirdi, ki miƙe baya, ki dubi inda za ki, ba wuyanta ba. Ki ɗan matse linzami da yatsu ki saki, ta san magana na tafe. Sannan ki matsa da ƙafa sau ɗaya, da gaske, ki bar hannu ya bi kanta. In ta ƙara sauri kawai, ki mayar da ita sassarfa mai natsuwa ki sake. Wajen ragewa, ki fitar da numfashi, ki nauyaya zamanki, ƙafa tana jikinta, linzami ya zo daga ƙarshe. Ki fara da tafiya zuwa sassarfa, sau goma a rana. A duba mata sirdi da haƙora ma, don ciwo yana sa doki ɗaga kai.

Ta biyu ita ce babba. Kawunki bai yi laifi ba, doki ba ya son zama, kuma shi abin da ya gani ya faɗa. Kakanki ma shirun da kika ba shi ne ya yi hukunci da shi. Wataƙila ba za ki ƙware cikin mako uku ba, amma ba a ce za a tafi da ita don ba ki ƙware ba. An ce babu mai hawa ne.

Gobe da yamma ki hau a fili mai tauri, kusa da inda kakanki yake zama. In maganar ta yi miki nauyi, ki roƙe shi abu ɗaya kawai: ya tafa hannu a daidai takun da ya kamata ki matsa ƙafa. Zai tsokane ki, ki bar shi, haƙƙinsa ne. In kawu ya zo, kakanki ne zai yi miki magana.

Allah ya tsare ki a kan sirdi, ya ƙara wa Kaka lafiya.